Kejin Waya, Na Roba ko Na Alminiyam: Wanne Zai Kai Karenka Lafiya a Zafin Bazara?

A wani watan Afrilu na ɗauko ɗan kare jinsin German Shepherd daga Jos zuwa Kano. Mun tashi da hantsi, muka bi ta Saminaka da dajin Falgore. Kejin roba ne, na ajiye shi a can bayan mota, kaya sun kewaye shi ta ɓangare uku. Esi na aiki, ni da direba muna shan sanyi, ban kawo komai a raina ba. Da muka tsaya sallar azahar na buɗe baya, sai na tarar da harshensa ya zazzalo ya yi faɗi, miyau ya yi kauri yana dalala, ya kasa miƙewa da kyau. Ruwan da ke cikin jarka ne ya cece shi, da yardar Allah. Tun daga ranar na daina tambayar wace na'ura ce ta fi sanyaya kare. Tambayoyi biyu nake fara yi: a ina kejin zai zauna a motar, kuma iskar ranar busasshiya ce ko mai laima? Amsarsu ita ke raba abin da ya cancanci kuɗinka da abin da zai yaudare ka.

Dole a fara da jikin karen, domin nan ne yawancinmu muke kuskure. Muna auna shi da kanmu. Mutum yana gumi a duk jikinsa, iska ta taɓa shi ya ji sanyi. Kare ba haka yake ba. Ɗan gumin da yake yi a tafin daginsa ne, bai taka kara ya karya ba. Babbar hanyarsa ita ce haki: yana jan iska da sauri ta kan harshe da cikin hanci da maƙogwaro, danshin wurin yana bushewa yana tafiya da zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗan ɗoriya a ma'aunin Salshiyas. Idan ya haura 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun shiga haɗari. Ka ga tazarar digiri biyu ce kacal. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin inuwa a Afrilu yakan kai 40 ya wuce, wato iskar da karen ke shaƙa ta riga ta fi jikinsa zafi tun kafin a sa shi a mota.

Ita kuwa mota tanda ce. A 2005 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun auna motar da aka ajiye a rana, suka ga zafin cikinta yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 cikin awa ɗaya, kuma kashi 80 cikin ɗari na ƙarin yana faruwa ne a rabin awar farko. Sassauta gilashi kaɗan bai canza komai a zo a gani ba. Ka ɗora wannan a kan 40 ɗinmu, ka ga inda lissafin ya nufa.

Haka kuma karnuka ba ɗaya ba ne. Kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta bi bayanan karnuka sama da 900,000 a Birtaniya, ta fitar da sakamakon a 2020. Cikin waɗanda zafi ya kayar, kusan ɗaya cikin bakwai ya mutu. Masu gajeren hanci irin su Bulldog suna sahun gaba, kuma karen da ya kai kilo 50 ya ninka ƙaramin kare haɗari fiye da sau uku. Wannan magana ta shafi masu Boerboel da Rottweiler da ake ta saye don gadi. Karen gida na farauta, siriri mai gajeren gashi, ko Azawakh na Abzinawa, ya fi su juriya nesa ba kusa ba, amma shi ma juriyarsa a fili take, inda zai tona ƙasa mai sanyi a gindin bishiya ya kwanta. A cikin keji ba shi da wannan zaɓi. Karen da ya tashi a Jos kuma, a tudun da ya haura mita 1,200, jikinsa bai san zafin Kano ba, sai ya yi makonni kafin ya saba.

Kejin kansa

Kejin waya mai naɗewa shi ne sarkin iska. Ta ko'ina a buɗe yake, zafin da karen ya fitar ba ya taruwa, fanka kuma tana ratsa shi daga kowane gefe. Idan zafi kaɗai ake dubawa, babu na biyunsa. Amma yana da aibi biyu. Ba ya ba da inuwa ko kaɗan, don haka ranar da ta shigo ta gilashi kan karen take sauka kai tsaye. Na biyu ya fi muni: ba ya jure hatsari. A 2015 wata cibiya a Amurka mai suna Center for Pet Safety, tare da kamfanin Subaru, ta gwada kejuna a hatsarin gwaji, na waya bai kai labari ba. Wanda ya yi zarra shi ne Gunner, na roba mai kauri. A hanyoyinmu masu ramuka da birkin gaggawa, wannan abin dubawa ne. Ga kuma karen da ya firgita, yana iya tanƙwara wayar da haƙori ya maƙale muƙamuƙinsa.

Kejin roba irin na shiga jirgin sama shi ne aka fi samu a shagunan kayan dabbobi a Abuja da Legas, kuma shi ne ya kusa kashe mini kare. Ƙa'idar ƙungiyar sufurin jiragen sama ta IATA ta ce ramukan iska su kai aƙalla kashi 16 cikin ɗari na faɗin bangayensa huɗu. Wannan ya isa a cikin jirgi mai sanyi, bai isa a bayan mota a bazara ba. Ramukan suna sama, ƙasan kuwa kamar baho yake, iska ba ta kaiwa inda karen ke kwance. Da zarar an jingina jaka ko buhu a gefensa, rabin ramukan sun toshe. Idan shi kake da shi, ba sai ka yar ba: ka sa a huda ƙarin ramuka a ƙasa-ƙasa da bayansa, a goge bakinsu kada su yanki karen, sannan ka bar tazarar taƙi guda a kowane gefe. Sai dai ka sani kejin da aka huda ya ragu da ƙarfi, kuma kamfanin jirgi na iya ƙin karɓarsa.

Akwai na roba mai bango biyu, irin Gunner ɗin da na ambata. Masu sayar da shi suna cewa yana kare zafi, kuma gaskiya ne ta fuska ɗaya. Ka tuna kular abinci: abin da ka zuba da sanyi ta riƙe sanyinsa, abin da ka zuba da zafi ta riƙe zafinsa. Bango biyu yana jinkirta shigar zafin rana, yana kuma jinkirta fitar zafin karen. Kare mai kilo 30 ko yana kwance jikinsa yana fitar da zafi kimanin wat 45 ba tsayawa, idan yana haki ko ya firgita ya fi haka. Saboda haka wannan keji ba ya tafiya sai da fanka a ƙofarsa. Ga nauyi, ga tsada, shigo da shi kuma wani aiki ne. Wanda ke yawan tafiya mai nisa da kare mai daraja, kamar kamfanonin tsaro, shi ya dace da shi.

Na alminiyam yana tsakiya, kuma a ganina shi ya fi daidaita buƙatun. Ba nauyi, ba tsatsa, ana iya yi masa tagogi masu yawa har ƙasa, idan an bar shi da launinsa ko an fesa fari yana mayar da hasken rana. Amma kada wani ya ce maka alminiyam ba ya zafi. Ƙarfe ne, yana ɗaukar zafi da sauri, yana kuma saki da sauri. A inuwa aboki ne, a tsakar rana ba rufi zai ƙona tafin hannunka.

Sai wanda yawancinmu za mu iya: na mai walda. Ina ganin an raina shi ba bisa haƙƙi ba, domin shi kaɗai ne za ka faɗi yadda kake so a yi maka. Matsalar ita ce abin da aka saba ƙerawa: bango na falankin ƙarfe a rufe, rufi ɗaya, baƙin fenti ko jan fentin hana tsatsa. Wannan tukunya ce. Ka ce wa mai waldar ya yi bangayen huɗu da rodi ko raga mai kauri tun daga ƙasa, tazarar ta zama ƙarama yadda dagi ko baki ba zai shiga ya maƙale ba. Rufin ya zama biyu, da tazarar yatsu uku ko huɗu a tsakani don iska ta wuce. Ƙasan a ɗaga shi a kan ƙafafu, a shimfiɗa katako. A fesa fari. A sa kunnuwa a kusurwa huɗu na ɗaure shi da jikin mota. Girmansa ya zama karen zai tsaya, ya juya, ya kwanta a gefensa ya miƙe ƙafafu, domin kare mai jin zafi baje jiki yake yi, kejin da ya tilasta masa dunƙulewa ya ƙwace masa wannan dabara.

Cikin mota ko bayan mota

Idan kejin zai shiga cikin mota mai esi, ka riga ka yi rabin nasara, amma rabi ne kawai. Sanyin da direba ke ji ba shi ne ke kaiwa baya ba. Mota irin Sienna tana da hancin esi a baya, ƙananan motoci da yawa ba su da shi, kuma gilashin baya mai faɗi yana zuba rana daidai inda ake ajiye keji. Maganinsa mai sauƙi ne: ka kunna esi motar ta yi sanyi kafin a sa karen, ka rufe gilashin gefen kejin da abin tare rana, ka ɗaura ƙaramar fanka a bayan kujera tana tura sanyin zuwa ƙofar kejin. Wasu suna jona mesa mai faɗi daga hancin esin gaba zuwa kejin, yana kuma aiki. A nan na fi son kejin da ke da ƙarfi da tagogi, na alminiyam ko na walda. But ɗin ƙaramar mota da ke rufe ruf kuwa, ba wurin abu mai rai ba ne ko na minti biyar.

Inda esi ke cin amana shi ne a tsaye. Mutum ya bar injin na aiki ya shiga cin abinci ko banki, yana ganin ya yi dabara. Injin ya yi zafi, ko kwamfuresa ta yanke, sai fankar ta ci gaba da hura iska mai zafi cikin mota a kulle. A Amurka karnukan 'yan sanda sun sha mutuwa ta wannan hanya, shi ya sa ake sa wa motocinsu na'urar da ke busa ham ta sauke gilasai idan zafi ya haura. Mu da ba mu da wannan, ƙa'idar ita ce mutum ɗaya ya zauna tare da karen, ko a fito da shi.

Bayan Hilux ko a-kori-kura labarinsa daban. Muddin motar na gudu, iska tana nan a yalwace. Haɗarin yana zuwa ne daga sama da ƙasa. Daga sama rana, daga ƙasa kuma daɓen ƙarfen da rana ta gasa, bututun hayaƙin motar (salansa) kuma na ƙara masa wuta ta ƙarƙashi. Sannan akwai lokacin da motar ta tsaya: shingen bincike, cunkoson shiga gari, faci. Iskar ta ɗauke, zafin kwalta ya taso. Minti ashirin a irin wannan tsayuwa ya fi awa uku na gudu haɗari. Mafarauta da ke loda karnuka goma ko fiye a bayan mota guda su lura da wani abu kuma: kowane kare murhu ne, numfashinsu kuma yana cika wurin da laima, sai hakin kowa ya daina amfani. Wanda ke tsakiya shi ke fara faɗuwa.

Game da inuwa a bayan mota, tamfol shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, kuma shi ne mafi muni idan aka lulluɓe kejin da shi. Yana tare rana, amma yana tare iska, baƙi ko shuɗi kuma yana shan zafi ya sauke shi ƙasa. Idan shi ne kawai, a ɗaga shi sama kamar rumfa, gefuna a buɗe. Asabari ko zana sun fi shi, domin suna numfashi. Wanda ya fi duka shi ne raga mai ƙyalli da masu gidan renon tsirrai ke amfani da ita, ana kiranta Aluminet. Tana mayar da kaso mai yawa na hasken rana, iska kuma na ratsa ta, har motar gaba ɗaya ana iya yafa mata ita a wurin tsayawa. Idan ba a samu ba, ragar inuwa ta lambu mai haske, ninki biyu, ta fi tamfol.

Fanka, ruwa da ƙanƙara

Nan ne kuɗi ke zubewa a banza, don haka zan daɗe a kai.

Fanka ita kaɗai ba ta sanyaya kare yadda take sanyaya mutum, tunda ba gumin da za ta busar. Amfaninta shi ne korar iskar da ta ɗumama ta yi laima daga cikin kejin, ta kawo sabuwa. Wannan babban amfani ne, amma idan iskar waje ta kai 42, busasshen kare da fanka a kansa iska mai zafi kawai yake sha. Sai an haɗa ta da ruwa take zama makami. Wajen zaɓe, 'yar ƙaramar fankar da ake maƙalawa a ƙofar keji mai amfani da batirin tocila ba ta da ƙarfin da zai ratsa gashin babban kare. Mai jonawa a wutar mota tana da ƙarfi, sai dai a motoci da yawa tana mutuwa da zarar an kashe inji, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Na fi amincewa da fanka mai caji irin wadda muke amfani da ita a gida idan an ɗauke wuta, ko mai batirin kayan aikin kafinta na volt 18 kamar na Makita ko Ryobi, da batiri na biyu a ajiye. A ɗaure ta a waje, waya ta yi nesa da haƙori. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ka caje ta, ka kunna a gida, ka ga awa nawa take yi da gaske, domin abin da aka rubuta a kwali daban yake da abin da tsohon batiri zai bayar.

Yanzu ga lissafin da ya canza mini tunani. Kilo ɗaya na ƙanƙara idan ya narke yana shanye zafi kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Lita ɗaya ta ruwa idan ta bushe ta bi iska tana tafiya da kimanin kilojul 2,400, wato ninki bakwai. Wannan shi ne sirrin randa da tulu, shi ne kuma abin da marigayi Mohammed Bah Abba ya gina a kai da tukunyarsa mai ciki biyu ta adana kayan lambu a Jigawa, wadda ta ba shi kyautar Rolex a 2000. A busasshen zafin Maris da Afrilu na Arewa, ruwa da iska sun fi ƙanƙara aiki, sun kuma fi ta araha. Ka jiƙa karen har fata, musamman ciki da hammata da cinyoyi inda gashi ba shi da yawa, fanka na kaɗawa. Ka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefe ɗaya na kejin, gefen da iska ke shigowa, sauran gefunan a buɗe. Iskar da ta ratsa buhun za ta iso da sanyi. Ka riƙa sake jiƙawa a kowace tsayuwa, domin a irin wannan iska buhu ba ya daɗewa.

Amma wannan dabara tana da lokacinta. Idan hadari ya fara haɗuwa a Mayu da Yuni, iska ta cika da laima, zafin ya koma mai naso. Haka yake kusan kullum idan ka gangara Lakwaja ko ka nufi Legas da Fatakwal. A irin wannan iska ruwa ba ya bushewa da sauri, buhun ya zama bango kawai, hakin karen ma ƙarfinsa ya ragu. Digiri 34 mai laima na iya kayar da kare kafin 39 busasshe. A nan esi ne kawai abin dogaro, domin yana sanyaya iska yana kuma tsotse laimarta. Kuma kada a haɗa dabarun biyu a rufaffiyar mota ba esi: jiƙaƙƙen buhu ko na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa a cikin motar da gilasanta ke rufe suna mayar da ita ɗakin tururi.

Rigar sanyi da ake jiƙawa a sa wa kare aikinta ɗaya da buhun algarara, ƙa'idarta ma ɗaya. A busasshiyar iska mai motsi tana taimakawa. Idan ta bushe ba a lura ba, ta zama bargo. A cikin kejin roba marar iska ban yarda da ita ba sam. Jiƙaƙƙen tawul da ake yafa wa kare a baya shi ma haka: cikin ɗan lokaci ya ɗumama ya riƙe zafi. A shimfiɗa shi a ƙasa ya fi.

Tabarmar sanyi mai jel a ciki kuwa, tana shanye zafin jiki na ɗan lokaci, daga nan ta yi ɗumi ɗaya da karen, sai an ajiye ta a wuri mai sanyi ta huce. A mota mai zafi ba inda za ta huce. Ga ɗan kare mai tauna kuma haɗari ce. Don zuwa asibitin dabbobi a cikin gari ba laifi, don tafiyar awa biyar ba ta da amfani.

Ƙanƙara tana da gurbinta, ban kore ta ba. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da aka daskarar, a naɗe da tsumma a ajiye a gefe ɗaya na kejin, tana ba karen abin jingina idan ya so, ya matsa idan ya ishe shi. Laima ba ta hana ta aiki, don haka ita ce mataimakiyar esi a damina da kuma Kudu. Idan ta narke kuma ga ruwan sha mai sanyi. Abin da ba za ta iya ba shi ne sanyaya iskar kejin. Kilo guda, ko da zafin karen kaɗai yake sha, awa biyu ne ya narke, balle ga zafin mota.

Ruwan sha kuwa ba a jayayya a kansa. Kare na buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana ta yau da kullum, a zafi da haki buƙatar tana ninkawa. Kwano mai baki a lanƙwashe ciki wanda ba ya fantsama, a ɗaure a ƙofa, ya fi jiran sai an tsaya. Mun taso muna jin hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa. Wanda ya ajiye kare don gadi ko farauta ko kiwo, ya kuma kulle shi a keji, nauyin ya fi na mai wucewa a hanya.

Abu mafi araha a duk wannan jerin shi ne wanda na fi ba wa muhimmanci: ƙaramin ma'aunin zafi mai nuna laima, irin wanda masu kiwon kaji ke sa wa a ɗakin 'yan tsaki. Ka ɗaure bakinsa a jikin kejin daidai tsayin karen, allon kuma a inda za ka gani daga gaba. Akwai masu aika saƙo zuwa waya, amma sun dogara da sabis, kuma kowa ya san akwai dazuzzukan da sabis ke ɗaukewa. Gani ya kori ji. Ranar da na fara sa shi na ga bambancin gaban motata da bayanta, sai na gane abin da ya faru a hanyar Falgore. Ni dai idan ya haura 30 na fara ɗaukar mataki, ga babban kare ko mai gajeren hanci tun kafin nan.

Wasu abubuwa ƙanana suna rusa duk shirin. Takunkumi mai matse baki yana hana haki, wato ya toshe babbar hanyar sanyaya jiki da karen ke da ita. Idan dole ne, a sa mai kama da kwando wanda zai buɗe baki a ciki. Maganin sa barci da wasu ke bayarwa don kare ya natsu yana iya raunana yadda jiki ke daidaita zafi, kada a bayar sai da izinin likitan dabbobi. Kada a cika masa ciki dab da tashi. Kuma kada a ɗauko kare daga gudu a jefa shi keji. Binciken Landan ɗin nan ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kayar motsa jiki ne sanadi, mota kuwa kimanin kashi 5 cikin ɗari. Karen da ya dawo daga farauta jikinsa na ci gaba da ɗaukar zafi ko bayan ya tsaya. A kai shi inuwa, a jiƙa shi, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan, sai hakinsa ya lafa a loda shi.

To wanne za ka zaɓa? Idan kana da mota mai esin da ke kaiwa baya, ka sa kuɗinka a keji mai ƙarfi da tagogi, fanka mai caji guda, ma'aunin zafi da gorar ƙanƙara, ka manta da riga da tabarmar jel. Idan bayan a-kori-kura ne a busasshiyar bazara, kejin walda irin wanda na bayyana, rumfa mai tazara, buhun algarara, fanka don lokacin tsayuwa, da jarkar ruwa lita 25 wadda ba ta shan mutane ba ce. Idan bayan mota ne kuma iska ta yi laima, ko karen babba ne, ko tsoho, ko mai ƙiba, ko mai gajeren hanci, babu kayan da zan ce ka saya. Lokaci za ka canza. Da yake tafiyar dare a hanyoyi da yawa ba ta da aminci yanzu, a tashi da an idar da sallar asuba, a sauka kafin ƙarfe goma sha ɗaya, doguwar tafiya a raba ta kwana biyu. Idan sayen kare ne daga Jos ba na gaggawa ba, a bari sai hunturu.

Idan duk da haka abin ya faru, alamun su ne haki mai ƙara da ba ya lafawa, miyau mai kauri, dasashi ya yi ja sosai ko ya koɗe, tangaɗi, amai ko zawo, daga ƙarshe faɗuwa da farfaɗiya. Ka tsaya nan take, ka fito da shi inuwa, ka kwarara masa ruwan da ya fi jikinsa sanyi, kowane iri ka samu, ana yi masa fifita ko fanka. An daɗe ana cewa ruwan sanyi haɗari ne, sai mai ɗumi-ɗumi. Likitocin Royal Veterinary College yanzu suna koyar da a fara sanyayawa kafin a kama hanyar asibiti, kuma matashin kare mai lafiya ana iya tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi, kansa a waje. Tsoho ko wanda ya suma, a zuba masa ruwa a haɗa da iska. Kada a ɗura masa ruwa a baki idan ba ya cikin hayyacinsa. Idan kana da ma'aunin zafin jiki, ka dakata da sanyayawa idan ya sauko wajen 39.5. Daga nan sai likita, ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya, domin illar da zafi ke yi wa ƙoda da jini takan ɓoye kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai na gwamnati a manyan biranen jihohi. Ka nemi lambar wanda ke kan hanyarka ka ajiye a waya tun kafin ka tayar da mota.